Koyon Dabara Mai Wuya a Wasan Futbag na Salo

Futbag wasa ne da ake yi da wata 'yar jaka mai taushi wadda girmanta bai fi na lemon tsami ba. Ana sarrafa ta da ƙafafu da sauran gaɓoɓin jiki, ban da hannu. Wasan yana da rassa. Akwai na raga, inda ake buga jakar ta tsallake raga mai tsayin kimanin mita ɗaya da rabi. Akwai na ƙidayar bugu, wanda a cikinsa Ba'amurken nan Ted Martin ya yi bugu 63,326 a jere a 1997, cikin kusan awa tara, jakar ba ta taɓa ƙasa ba. Sai reshen salo, wanda ya fi kowanne yawan dabaru. A wannan reshe ɗan wasa yana cilla jakar sama da ƙafa, ya zagaye ta da ƙafarsa, ko ya juya jikinsa, ko ya sunkuya ta wuce ta bayan wuyansa, sannan ya cafke ta a kan takalmi ba tare da ta yi tsalle ba, ya sake cillawa.

Abin da ake kira dabara ɗaya shi ne duk abin da jiki ya aikata daga lokacin da jaka ta bar ƙafa zuwa lokacin da ta sake sauka a kanta. Wannan tazara ba ta cika kai daƙiƙa guda ba. Mai kallo yakan ga dabara mai wuya kamar walƙiya, amma a wurin mai koyo gini ne mai sassa, kuma kowane sashe ana iya ware shi a koye shi shi kaɗai. A kan wannan fahimta aka ɗora duk hanyoyin koyon dabarun da suka gagari yawancin 'yan wasa.

Asalin wasan da yadda dabaru suka yawaita

Buga ƙaramin abu da ƙafa don kada ya faɗi tsohon wasa ne a nahiyar Asiya. Sinawa suna da jiyanzi mai gashin tsuntsu, Japanawa suna da kemari, mutanen Koriya suna da jegicagi. Futbag na zamani kuwa ya fara ne a 1972 a garin Oregon City na jihar Oregon a Amurka, inda Mike Marshall da John Stalberger suka haɗu. Stalberger yana jinyar gwiwa a lokacin, ya kuma sami wasan yana taimaka masa wajen motsa ta. Marshall ya rasu a 1975, abokinsa ya ci gaba da yaɗa wasan da jakar da suka sa wa suna Hacky Sack, har kamfanin Wham-O ya sayi haƙƙin sunan a 1983. Tun daga 1980 ake gudanar da gasar duniya.

Da farko bugu ne ya fi yawa a wasan. Sauyi ya zo ne da 'yan wasa suka ƙware a cafke jaka a kan takalmi, domin jakar da aka cafke ana iya cilla ta daidai inda ake so, da tsayin da ake so. Kenny Shults yana cikin waɗanda suka ƙirƙiro dabaru da yawa a wancan zamani. A farkon shekarun 1990 gwanaye suka kafa rukunin Big Add Posse, wanda ba a shiga sai da gayyatar waɗanda ke ciki. Daga baya ƙarfin wasan ya karkata Turai. Václav Klouda na Jamhuriyar Cek ya lashe gasar duniya a 2002 yana matashi, ya kuma sake lashe ta sau da dama, kuma a 2003 aka yi gasar a birnin Prag. Kowane ƙarni na 'yan wasa ya ɗauki abin da na baya suka ɗauka ƙololuwa ya mayar da shi tushe, shi ya sa jerin dabaru ya kai ɗaruruwa.

Jaka da takalmi

Kafin a zargi ƙafa, sai a duba kaya. Jakar salo ana ɗinka ta ne da hannu daga ƙananan yankuna na yadi mai laushi irin na fatar roba, kuma wadda aka fi amfani da ita mai yanki 32 ce. Ana zuba mata 'ya'yan roba, ko yashi, ko ƙananan ƙwayoyin ƙarfe, amma ba a cika ta taf ba. Nauyinta yakan kama daga giram 40 zuwa 65 ko kusa da haka. Rashin cikawar yana da dalili: idan ta sauka, abin da ke cikinta ya baje, sai ta lafe a kan takalmi maimakon ta gangara. Yawan yankunan kuma yana sa ta zama mulmulalliya a iska, ta tashi a miƙe. Jakar da ta yi tauri tana gudu daga ƙafa, wadda ta yi laushi fiye da kima kuma tana wahalar cillawa daidai.

Takalmin da ya daɗe yana hannun 'yan wasa shi ne kambas na tanis samfurin Rod Laver na kamfanin Adidas. Suna sauya yadda ake zura igiyarsa domin wurin yatsu ya buɗe ya zama kamar ɗan faranti, wasu kuma suna yanke yadin da ke ciki domin ƙafa ta riƙa jin saukar jaka. Gefensa na ciki shimfiɗaɗɗe ne, abin da ke sauƙaƙa cafkewa a wurin. Ana sa gajeren wando, domin dogon wando yana shafar jaka lokacin zagaye ya karkatar da ita. Wuri kuma ya zama shimfiɗaɗɗe, marar santsi, mai haske, tunda ido ne ke jagorantar ƙafa.

Yadda ake auna wuyar dabara

'Yan wasa suna da ma'auni da suke taƙaitawa da haruffan ADD, wato makin ƙarin wuya. Ana ba dabara maki ɗaya duk lokacin da ɗaya daga cikin abubuwa biyar ya bayyana a cikinta. Na farko cafkewa, wato tsayar da jaka a kan ƙafa. Na biyu zagaye, wato ƙafa ta kewaya jaka tana iska. Na uku harɗe, wato a taɓa jakar da ƙafar da ta ratsa ta bayan ɗaya ƙafar zuwa ɗaya ɓangaren jiki. Na huɗu motsin jiki, kamar juyi, tsalle ko sunkuyawa. Na biyar baƙon gurbi, wato a yi amfani da wurin da ba a saba ba, kamar tafin takalmi, diddige ko sha-raɓa.

Da wannan lissafi, cafkewa a kan yatsu tana da maki 1. Kilifa, wato cafkewa a gefen ƙafa na ciki yayin da ƙafar ke harɗe ta bayan ƙafar tsayuwa, tana da maki 2. Miraj, inda ƙafa ɗaya ke zagaye jaka a cafke ta a kan yatsun ɗayar, ita ma 2. Dabarar da aka sa wa sunan malam-buɗe-littafi zagaye ne da ke ƙarewa a kilifa, saboda haka 3. Osis juyi ne da ke ƙarewa a kilifa, shi ma 3. Daga nan ake hawa zuwa 4, 5, 6 har sama. Ɗan wasan da ke iya jera dabaru ba tare da ya sauka ƙasa da maki 3 ba ya kai matakin da suke kira giltles, kuma akwai matakai na 4 da na 5 a samansa, kowanne da sunansa.

A tsakiyar shekarun 1990 wani ɗan wasa mai suna Ben Job ya fito da hanyar rubuta dabaru daki-daki: daga ina aka cilla, wace ƙafa ce ta yi zagaye, ta wace fuska, a ina aka cafke. Amfanin wannan rubutu ga mai koyo babba ne. Sunan dabara ba ya faɗin komai game da ita, amma rubutunta yana nuna cewa baƙuwar dabarar nan ba komai ba ce face sassa biyu ko uku da aka riga aka sani, an ɗaura su wuri ɗaya.

Inda ma'aunin ya gaza

Makin ADD yana ƙidaya sassa ne, ba ya auna wahalar kowane sashe. Zagaye jaka sau biyu da ƙafa ɗaya a cafke a kan yatsu maki 3 ne, daidai da malam-buɗe-littafi, alhali mafi yawan masu koyo sun fi shan wuya a kan na farkon nesa ba kusa ba. Su kansu 'yan wasa sun san haka, shi ya sa suke ware malam-buɗe-littafi, osis da wata dabara mai suna faradoks miraj a matsayin masu sauƙi a cikin ajin maki 3, suna kuma girmama jerin da babu su a ciki.

Saboda haka wuya iri biyu ce. Akwai wuyar cunkoso, inda ake cusa sassa da yawa a cikin ɗan lokaci. Akwai kuma wuyar baƙunta, inda sassan kaɗan ne amma jiki bai saba da yanayin da ake nema ya shiga ba. Ta farko tana neman sauri da tsarin lokaci. Ta biyu tana neman laushin gaɓoɓi da daidaituwa a kan ƙafa ɗaya. Mai koyon da bai bambanta su ba yakan ɓata watanni yana ƙara sauri a inda miƙa jijiya ake bukata, ko akasin haka.

Lokacin da jaka ke yi a iska

Duk dabarar cunkoso tana ƙarƙashin hukuncin nauyi. Jakar da aka cilla ta tashi mita ɗaya sama da ƙafa tana ɗaukar kimanin daƙiƙa 0.45 tana hawa, da wata 0.45 tana saukowa. Jimla ba ta kai daƙiƙa guda ba. Ƙara tsayi ba ya ƙara lokaci yadda ake zato: idan aka ninka tsayin sau biyu, lokacin yana ƙaruwa ne da kashi 41 cikin ɗari kawai, jakar kuma ta dawo da ƙarin gudu, ta fi wuyar cafkewa, ta kuma wuce inda ƙafa za ta iya zagaye ta. Shi ya sa a yawancin dabaru ake cilla jaka zuwa wajen ƙugu.

Wani abin lura shi ne jakar ba ta raba lokacinta daidai a kan hanya. Tana rage gudu yayin da take kusantar ƙololuwa, har rabin duk lokacin da take iska tana yin sa ne a kashi ɗaya cikin huɗu na sama na tafiyarta. A nan ne take kamar ta tsaya. Gwanaye suna raba aikinsu kashi uku bisa wannan: abin da za a yi jaka tana hawa, abin da za a yi tana ƙololuwa, da abin da za a yi tana saukowa. Mai koyo yakan jira sai jaka ta fara saukowa kafin ya motsa, ya yi asarar rabin lokacinsa. Dabarun maki 5 da 6 ba sa yiwuwa sai an fara aiki tun jakar tana barin takalmi.

Daga nan ake gane matsayin cillawa. Idan jaka ta tashi a miƙe, kusa da jiki, da tsayi iri ɗaya kowane lokaci, ƙafa tana iya haddace hanyarta. Idan ta karkata ko da ɗan taƙi ne, sai jiki ya bi ta, daidaituwa ta lalace, sauran sassan su rushe. Mafi yawan faɗuwar da ake gani a ƙarshen dabara an haife ta ne tun a farkonta.

Cafkewa ma tana da ƙa'idarta. Jakar da ta faɗo daga mita ɗaya tana zuwa da gudun da ya haura mita huɗu a daƙiƙa. Ƙafar da ta tsaya ƙyam za ta mayar da ita sama. Ana tarbar ta ne tun tana sama kaɗan, a sauko tare da ita, gwiwar ƙafar tsayuwa tana lanƙwasawa, kamar yadda mai cafe ɗanyen ƙwai ke janye hannunsa baya.

Misali na farko: daga miraj zuwa tok da mobiyus

Tok dabara ce mai maki 4, kuma haɗin miraj ne da osis. Ɗan wasa yana cilla jaka daga kilifa, ya dire ƙafar da ta cilla, ɗaya ƙafar ta zagaye jakar kamar a miraj, sannan ya juya jikinsa jakar ta bi ta bayansa, ya cafke ta a kilifa da ƙafar da ta fara cillawa. Zagaye, juyi, harɗe, cafkewa: maki huɗu ke nan.

Sharaɗin farko shi ne kilifa ta zauna daram a ɓangarori biyu, cafkewa da cillawa. Na biyu shi ne miraj daga kilifa ya zama ba a tunaninsa. Na uku osis. Wuyar osis tana cikin cewa jaka tana ɓacewa daga ido na ɗan lokaci yayin da take bayan mutum. Maganin haka shi ne kai da kafaɗu su riga ƙugu juyawa, domin ido ya sake samun jakar da wuri. Wanda ya bar kansa a baya yana cafke ne a makance.

Bayan waɗannan sun samu, sai a koma kan mahaɗa, domin a nan ne sabon abu yake. A miraj ƙafar da ta yi zagaye tana sauka mutum yana fuskantar inda yake. A tok dole ta sauka jiki ya riga ya fara juyi, ta zama turken da za a juya a kansa. Hanyar da aka saba ita ce a fara yin motsin ba jaka, a hankali, har ƙafafu su san inda za su taka. Sannan a saki jaka daga hannu a daidai tsayin ƙugu, a yi zagaye da juyi, a bar ta ta faɗi ƙasa, a duba inda ta faɗi: idan kusa da inda ƙafar cafkewa take, an kusa. Sannan a nemi taɓa ta kawai. Sannan cafkewa. Daga ƙarshe a mayar da cillawa ta ƙafa.

Mobiyus tok ne da aka ƙara masa juyi a gaba, maki 5. Ɗan wasa yana cillawa daga kilifa, ya juya yayin da jaka ke hawa, ya yi zagaye tana wajen ƙololuwa, ya ci gaba da juyi ya cafke tana saukowa. Babu sabon sashe ko ɗaya a cikinsa ga wanda ya iya tok da cillawa mai juyi. Abin da ya sauya shi ne lokaci, domin tok ɗin da ake yi cikin dukan tafiyar jaka yanzu dole ya shiga cikin rabinta na biyu. Saboda haka shirin mobiyus shi ne a rage girman motsin tok, zagayen ya matse kusa da jaka, har a iya yin sa daga gajeriyar cillawa.

Misali na biyu: cafkewa a tafin takalmi

Filafa misali ce ta wuyar baƙunta. Ƙafa tana harɗewa ta bayan ƙafar tsayuwa kamar a kilifa, amma idon sawu yana ƙara murɗawa har tafin takalmi ya kalli sama, a cafke jaka a kansa. Harɗe, baƙon gurbi da cafkewa sun ba ta maki 3. Babu zagaye, babu juyi, babu gaggawa, amma akwai gwanayen dabarun maki 5 da ba su mallake ta ba, domin hanyar da suka bi ba ta taɓa neman wannan yanayi daga jikinsu ba.

Matsalolinta uku ne. Tafin takalmi roba ne mai tauri, ba ya shanye saukar jaka kamar yadin sama, kuma ƙafa ba ta jin abin da ke faruwa ta cikinsa sosai. Sannan shimfiɗa tafin daidai yana neman ƙugu, gwiwa da idon sawu su juya tare, fiye da yadda tafiya ko gudu ke nema. Na uku, nauyin jiki duka yana kan ƙafa ɗaya mai lanƙwasasshiyar gwiwa, kai kuma yana leƙen baya, yanayin da wanda ya taɓa wasan langa zai gane wahalarsa.

Ana fara koyonta ne daga ƙarshe. A ɗora jaka da hannu a kan tafin, a riƙe na 'yan daƙiƙu, ana dafa bango idan ya kama. Idan jaka tana gangarawa gefe ɗaya kullum, tafin bai shimfiɗu ba, kuma gyaran yakan zo ne daga ƙara lanƙwasa ƙafar tsayuwa, ba daga tilasta wa idon sawu ba. Bayan riƙewa ta samu, a saki jaka daga tsayin taƙi ɗaya, a riƙa ƙarawa. Sai a koyi cilla ta daga tafin zuwa hannu, domin gurbin da ba a iya fita daga cikinsa ba shi da amfani a jeri. Haka ake bi da sauran baƙin gurabe, kamar sha-raɓa, diddige, da matse jaka a bayan gwiwa. Ci gaba a nan yana tafiya ne da saurin da jijiyoyi ke sakewa, kuma wannan aikin makonni ne da watanni. Sannu ba ta hana zuwa.

Matakan da mai koyo ke ratsawa

Masana halayyar ɗan Adam Paul Fitts da Michael Posner sun bayyana a littafinsu na 1967 cewa koyon kowace gwaninta ta jiki yana bin matakai uku. A na farko mutum yana tunanin kowane motsi, kurakurai suna da yawa kuma ba su da tsari. A na biyu motsin ya fara haɗuwa, kurakuran sun ragu sun kuma zama iri ɗaya, har mai koyo yana gane su da kansa. A na uku jiki yana yi ba tare da an umarce shi ba, hankali ya sami damar tunanin abin da ke gaba.

Wannan ya yi daidai da abin da 'yan futbag ke gani. Cafkewar farko ta sabuwar dabara abin murna ce, amma tana zuwa ne a ƙarshen mataki na farko, sau da yawa da taimakon sa'a. Tsakaninta da mallakar dabarar akwai maimaici mai yawa. Shi ya sa ake amfani da ma'aunai masu tsauri: sau nawa cikin gwaji goma ake samu, ana iya yi sau da yawa a jere, ana iya shiga dabarar daga wata a kuma fita zuwa wata.

Babbar ƙa'ida ita ce ta ɓangarori biyu. Kowa yana da ɓangaren da ya fi masa sauƙi, kuma zuciya tana son tsayawa a can. Amma dabaru da yawa suna ɗauke jaka daga wannan gefe su ajiye ta a wancan, saboda haka mai gefe ɗaya jerinsa gajere ne. Al'adar gwanaye ita ce a ba gefe mai rauni lokaci fiye da mai ƙarfi, a kuma fara shi da wuri kafin tazarar ta yi faɗi.

Ɗaukar bidiyo ya zama babban makami. Abin da mutum ke ji yana yi da abin da yake yi a zahiri sukan bambanta, kuma motsin da bai kai daƙiƙa ba ido ba ya iya tantance shi sai an rage gudunsa. Wasa a da'ira tare da wasu ma yana da nasa amfani, domin wanda ya riga ya ratsa wurin yakan hango kuskure a kallo ɗaya. Gajeren atisaye a kai a kai ya fi dogon zama na rana ɗaya, tunda gajiyayyar ƙafa kuskure take haddacewa. Idan dabara ta tsaya cik, komawa kan sassanta na 'yan kwanaki ya fi naci a kanta gaba ɗaya.

Tsabtar aiki da lafiyar jiki

Ba duk dabarar da aka cafke ake karɓa ba. Idan ƙafa ta wuce ta gefen jaka ba ta kewaye ta sosai ba, 'yan wasa ba sa lissafa zagayen. Haka idan aka ja jakar da takalmi aka ratsa da ita cikin motsin maimakon a sake ta ta tashi da kanta, ana ganin aikin bai fita ba. Waɗannan gajerun hanyoyi suna kawo cafkewar farko da wuri, amma suna toshe hanyar gaba, domin dabara ta sama tana dogara ne da sashen da aka ha'inta. Gyara ɗabi'ar da ta zauna ya fi koyon sabuwa wuya, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Jiki ma yana da haƙƙi. Wasan cike yake da ƙananan tsalle-tsalle a kan ƙafa ɗaya da murɗa gwiwa, kuma ciwon ƙwauri, gwiwa, idon sawu, ƙugu da gadon baya sanannu ne a tsakanin masu yin sa. Ɗumama jiki da dabaru masu sauƙi kafin a shiga masu wuya, sauka a kan gaban ƙafa da gwiwa a sake, juyi a kan yatsu maimakon a kafe diddige a murɗa gwiwa, da guje wa daɓen siminti idan akwai na katako, duk suna rage haɗari. Gajiyar tsoka daban take da zafi mai suka a cikin gaɓa. Na biyun alama ce ta a dakata, idan ya ƙi tafiya kuma a ga likita.

Dabara a cikin jeri da gasa

Gasannin da ƙungiyar 'yan wasan futbag ta duniya, IFPA, ke kula da su suna gwada dabara ta fuskoki dabam-dabam. A wasan tsari, ɗan wasa yana nuna shirinsa na kimanin minti biyu tare da kiɗa, alƙalai suna duba wuya, bambancin dabaru, dacewa da kiɗan da kuma yawan faɗuwa. A gasar daƙiƙa 30 ana tara maki, ana kuma fifita wanda bai maimaita dabara ba, inda yin ta a dama da yin ta a hagu ke zama biyu. A gasar dabaru uku ana neman haɗi mafi wuya na dabaru uku a jere. A gasar da'ira 'yan wasa suna karɓa-karɓa, ana kwatanta jerinsu.

Kowane tsari yana neman wani abu daga dabarar da aka koya. Wasan tsari yana neman tabbas, domin faɗuwa ɗaya tana iya cinye ribar dabarar, shi ya sa 'yan wasa ke sa abin da suka mallaka sosai kaɗai a ciki. A nan ne baƙin gurabe irin filafa ke da daraja, tunda suna kawo bambanci da ido ke gani. Gasar dabaru uku ita ce gidan dabarun cunkoso irin mobiyus da na samansa, amma ko a can ana duba yadda aka shiga da yadda aka fita. Saboda haka ma'aunin ƙarshe na koyo ɗaya ne a ko'ina: dabara ta zama ta ɗan wasa idan yana iya yin ta a dama da hagu, a tsakiyar jeri, da gajiya a jikinsa, kuma jakar ta sauka a yanayin da za a iya cilla ta zuwa dabara ta gaba.